FASHIN BAƘI: Darasin tarihi ya dawo aji, amma ina littafin da ɗan Zamfara zai ga garinsu a ciki?

A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa Tarihin Najeriya ya zama darasi na wajibi, tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Sanarwar ta amsa koken da masana suka shafe shekaru suna yi. Sai dai ta bar wata tambaya a buɗe, wadda malamin aji ne zai fara cin karo da ita: idan lokacin darasin ya yi, wane littafi za a miƙa wa yaro ɗan shekara takwas a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu?

Tambayar ta fi nauyi a Zamfara. Yaran da ke firamare a yau sun buɗe ido ne a lokacin da sunayen garuruwan jihar suka zama kanun labaran hari da garkuwa da mutane. Abin da suke ji game da inda aka haife su ya taƙaita ga wanda aka sace da wanda aka sako. Tarihin waɗannan garuruwa kuwa yana da tsawo, an kuma rubuta shi, amma an rubuta shi ne domin manya. Wannan rahoto ya duba abin da ake nufi da littafin tarihi mai zane na yara, abin da irinsa zai ƙunsa a wannan yanki, da dalilan da suka sa yin sa yake da wuya.

Yadda darasin ya fita, da yadda ya dawo

Daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a matakin ilimi na farko. An tsakuro kaɗan daga cikinsa aka zuba a darasin nazarin zamantakewa. Daga cikin hujjojin da aka bayar akwai ƙarancin malamai da rashin sha'awar ɗalibai. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya ta yi ta sukar matakin har gwamnati ta sake shawara. A 2018 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ƙaddamar da sabuwar manhajar tarihi. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. Sanarwar 2025 ita ce ta baya-bayan nan.

Manhaja jerin batutuwa ce da hukumar NERDC ke tsarawa, tana faɗin abin da za a koyar a kowane aji. Littafin da zai kai batun ga yaro aikin marubuta ne da kamfanonin ɗab'i, sayensa kuma aikin gwamnatoci ne da iyaye. Kamfanin da ke son sayar da littafi ɗaya a jihohi 36 dole ya taƙaita, ya ba kowane yanki 'yan layuka. Da haka Daular Usmaniyya za ta samu shafi, Zamfara ta samu ambato, 'Yandoto da Kwatarkwashi kuwa da wuya su shiga.

Wane irin littafi ake nufi?

Littafin tarihi mai zane ya bambanta da tatsuniya, ya kuma bambanta da littafin darasi. Abin da ke cikinsa ya faru, ko kuma an bayyana shi a fili a matsayin ruwaya. Rubutunsa kaɗan ne, zane da taswira da hoto su ne ke ɗauke da rabin bayanin. Na ƙananan yara yakan kasance shafi 32, saboda maɗaba'a na buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya a naɗe ta, shi ya sa adadin ke tafiya takwas-takwas ko sha shida-sha shida.

Amfanin zanen ya wuce ado. Yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba yana iya karanta hoto. Idan aka ce masa birni yana da ganuwa, kalma ce kawai ya ji. Idan ya ga katangar ƙasa da ƙofarta, da jakunan fatake suna shiga, da mutum tsaye a gindinta wanda zai auna tsayinta da shi, ya fahimta, kuma zai yi tambaya. Taswira ma haka take: ita ke nuna wa yaro cewa iyakokin da ya sani a yau ba su ne na jiya ba.

A wasu ƙasashe wannan fanni ne mai zaman kansa. A Ingila kamfanin Dorling Kindersley ya fara jerin Eyewitness a 1988, inda hoton kayan tarihi ke cika shafi, gajeren bayani na gefensa. A Afirka, hukumar UNESCO ta fitar da labaran zane a kan mata a tarihin nahiyar, ciki har da Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta. Akwai kuma Abina and the Important Men na Trevor Getz da mai zane Liz Clarke, wanda aka gina a kan takardun wata shari'a da aka yi a 1876 a ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda wata matashiya ta kai ƙarar mutumin da ta ce ya bautar da ita. Bayan labarin zanen, marubutan sun buga ainihin takardun kotun, domin mai karatu ya gwada zanen da hujjar da aka ɗora shi a kai.

Tarihin da ke kan titi ɗaya

Titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato yana ratsa Tsafe, ya bi ta gefen Dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, ya wuce Bungudu. A wannan ɗan tsakanin akwai abin da zai cika littattafai da dama.

A fara da tambayar da duk yaro mai lura zai iya yi: me ya sa Sarkin Gusau, babban birnin Zamfara, ake ce masa Sarkin Katsinan Gusau? Amsar tana cikin taswira. Kafin jihadi wannan yanki yana cikin ƙasar Katsina ne, a ɓangaren da ake kira Katsina Laka. Tsohuwar daular Zamfara tana arewa da yamma da nan. Jihar da ta ɗauki sunan daular a ranar 1 ga Oktoban 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire ta daga Jihar Sakkwato, ta haɗa ƙasashen da a dā ba sarki ɗaya suke bi ba.

Sai 'Yandoto, a Ƙaramar Hukumar Tsafe. Tsohon garin malamai ne da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Ruwayar Katsina ta ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon sarautar Katsina, ake kuma lissafa shi a matsayin sarkinta Musulmi na farko. A farkon jihadi malaman 'Yandoto da dama ba su bi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, Muhammadu Bello ya jagoranci rundunar da ta ci garin wajajen 1806. Sunan bai ɓace ba, domin har yau sarautar Sarkin Tsafe ita ce 'Yandoton Tsafe.

Gusau kanta ta kafu ne a wannan zamani, a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu. Ta zama babban gari ne bayan layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin ciniki, tashar jirgi ta jawo baƙi daga kudu da arewa, unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa. Bungudu, mazaunin Sarkin Fulanin Bungudu, ita ma masarautarta ta zamanin jihadi ce. A cikin ƙaramar hukumarta ne kuma Kwatarkwashi take, garin da ya girmi jihadi da nisa, wanda dutsensa ya zama mafaka ga mazauna gindinsa, aka kuma san shi da al'adun gargajiya irin su bautar Magiro da bikin kamun maiki kafin Musulunci ya game ko'ina.

Idan aka ɗaga ido zuwa sauran jihar, akwai labarin Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarƙashin Sarki Babari a shekarun 1760, suka gina Alƙalawa a ƙasar da suka karɓe, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Akwai shekaru kusan biyar da Shehu ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin hijira. Akwai kuma ruwayar 'Yargoje, macen da aka ce ta mulki Zamfara, wadda har yau ake danganta mata wata fitila. Yarinyar da ke aji huɗu a Bungudu ta fi yiwuwa ta ji labarin Amina ta Zazzau kafin ta ji wannan.

A watan Yulin 2022 sunan 'Yandoto ya karaɗe kafafen yaɗa labarai na ciki da wajen Najeriya. Dalilin shi ne naɗa Ado Aleru, wanda hukumomi ke nema bisa zargin jagorantar 'yan bindiga, sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, abin da ya sa gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Ga matasa da yawa, wannan ne karon farko da suka ji sunan garin. Wurin da aka sani da malamai da littattafai tsawon ƙarnuka ya shiga ƙwaƙwalwarsu ta wannan ƙofa.

Ina aka ajiye wannan tarihi?

Matsalar ba rashin bincike ba ce. Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙe-yaƙen farkon jihadi a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala da Larabci a 1812. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959. Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara. Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin 'Yandoto a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Da Hausa akwai Gusau ta Malam Sambo na Bello Muhammad Gusau da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau.

Bayan waɗannan akwai rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da takardun zamanin Turawa a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House a Kaduna. Akwai kuma abin da ke bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada, waɗanda ke riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu.

Duk waɗannan na manya ne. Wani da Larabci, wani da Jamusanci, wani da Turancin jami'a mai ɗaruruwan shafuka. Hanyar baka kuma, wadda ita ce ta saba kai tarihi ga yara a dandali da zaure, rashin tsaro ya raunana ta. Iyalin da suka baro ƙauye suka fake a gefen Gusau sun bar kufai da maƙabarta da tsohuwar rijiya da bishiyar da ake nunawa a ce a nan aka yi kaza. Dattijon da ya san labarin yana iya rasuwa a gudun hijira ba tare da kowa ya naɗi muryarsa ba.

Zariya ta taɓa yin wannan aiki

Rubuta tarihi da Hausa domin 'yan makaranta ba sabon abu ba ne. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a juzu'i biyu a 1932 da 1933, inda aka juya tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausar boko. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A 1948 Malam Nuhu Bamalli ya fitar da Mungo Park Mabuɗin Kwara. A shekarar ce kuma Shehu Shagari, yana malamin makaranta a Sakkwato, ya tsara Waƙar Nijeriya domin ɗalibai su haddace labarin ƙasa da tarihinta cikin sauƙi.

A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu araha da yawa. A wannan zango ne Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji suka fito. Bayan rushe NORLA a 1959, kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya ci gaba da buga da dama daga cikinsu.

Abin da ya sa wancan tsari ya yi aiki a bayyane yake. Marubuci da edita da mai zane da maɗaba'a suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, mai saye kuma sananne ne tun kafin a buga, wato makarantun En'e da azuzuwan manya. Yana da nasa aibin. Turawan mulki ne ke zaɓen abin da za a buga, shi ya sa ɗan Gusau zai iya karanta tafiyar Mungo Park da harshensa alhali babu makamancin haka a kan garinsu. Zanen cikin littattafan kuma baƙi-da-fari ne, jefi-jefi. Da tallafin gwamnati ya ja baya, marubutan Hausa suka koma buga wa kansu, kasuwa ta karkata ga ƙagaggun labarai na matasa da manya, waɗanda ba su buƙatar zane sai a bango.

A 'yan shekarun nan an sake samar wa yara abin karantawa da Hausa. Shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya, ya kai littattafan koyon karatu da lissafi ga ƙananan azuzuwa a Zamfara da Katsina. Shafukan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu zane da Hausa kyauta. Manufarsu ita ce yaro ya iya karatu, don haka tatsuniya da labaran yau da kullum suka fi yawa a cikinsu. Tarihin gari bai shiga aikin da aka ɗora masu ba.

Me za a zana, kuma bisa wace hujja?

A nan aikin yake da sarƙaƙiya. Marubuci na iya cewa rundunar Bello ta isa 'Yandoto ya wuce. Mai zane ba shi da wannan damar. Dole ya yanke shawarar irin rawanin, da ko dawakin na da lifidi, da tsayin ganuwa, da ko rufin ɗakunan na ciyawa ne ko soro. Duk abin da ya zana, yaro zai ɗauke shi gaskiya, kuma hoto ya fi jimla daɗewa a ƙwaƙwalwa.

Babu hoton Shehu Usmanu, domin ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya. Hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp da sunansa na wasu mutane ne, ko kuma ƙirƙira ce. Haka abin yake ga Malam Sambo da Korau da 'Yargoje. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara dagula lamarin, domin cikin daƙiƙu suke fitar da hoton "sarkin Hausa" sanye da tufafin wata ƙasa, a gaban ginin da ba a taɓa yin irinsa a nan ba.

Duk da haka akwai madogara. Hugh Clapperton ya bi ta ƙasar Zamfara a hanyarsa ta zuwa Sakkwato a 1824, Heinrich Barth ya bi ta Zurmi a 1853, kuma dukansu sun bar bayanin kasuwanni da ganuwa da tufafi. A littafin tafiyar Clapperton an buga taswirar da ya samo a fadar Sarkin Musulmi Bello, wadda ke nuna yadda mutanen wancan zamani suke kallon ƙasarsu. Akwai kayan yaƙi da tambura da ke ajiye a fadoji, akwai ragowar ganuwa, akwai sana'o'in da siffarsu ba ta sauya sosai ba, kamar ƙira da rini da saƙa da jima. Dutsen Kwatarkwashi yana nan yadda yake.

Akwai kuma batun addini. Iyaye da malamai da yawa ba su sakin jiki da zanen mai rai, balle a zana fuskar malamin da ake girmamawa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin zane domin koyarwa, kuma littafin da ya yi biris da wannan zai tsaya a ƙofar gida. Masu zane na da hanyoyin bi: a nuna mutum daga baya ko daga nesa a cikin taro, a bar amawali ya rufe fuska, ko a ba wuri da kaya muhimmanci, kamar allo da tawada da gafaka da sirdi da taswira. A ƙarshen littafin kuma a ware shafi a faɗa wa yaro da malaminsa abin da aka gani da ido, da abin da aka karanta, da abin da aka kintata.

Ruwayar wa za a ba yaro?

Tarihin yankin ba baki ɗaya ake ba da shi ba. Abin da aka rubuta a kan cin 'Yandoto ya fito ne mafi yawa daga waɗanda suka yi nasara, zuriyar waɗanda aka ci kuwa suna da tasu ruwayar. Shekarar kafa Gusau ma ruwayoyi sun bambanta, wasu na kai ta ƙarshen ƙarni na 18, wasu na cewa 1811. Jerin sarakuna yakan sauya daga gidan sarauta zuwa wani, saboda yana da alaƙa da wanda ke da haƙƙin gado a yau.

Wannan ya fi zama abin taka-tsantsan a lokacin da rikicin Zamfara ke ɗaukar launin ƙabilanci a bakin mutane da kafafen sada zumunta, ana cewa Hausawa da Fulani. Littafin da ya zana ɓangare ɗaya da fuskar mugunta, ɗayan da fuskar salihai, zai zuba wa wuta mai a zukatan 'yan shekara goma. Wanda ya share yaƙe-yaƙen ya nuna kamar ba a taɓa saɓawa ba, shi ma yaran za su gane ƙarya ce da zarar sun girma. Tarihin kansa ya ba da mafita, domin bai rabu gida biyu yadda ake faɗa ba. A cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa da Zamfarawa, a cikin malaman da suka ƙi bin sa akwai Fulani. Gobir da Zamfara da suka gwabza a ƙarni na 18 duka daulolin ƙasar Hausa ne. Manomi da makiyayi sun daɗe suna musayar hatsi da nono da taki, akwai burtali da mashaya da aka sani, akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummomi. Yaro na iya ɗaukar jimla irin "mutanen wannan gari suna cewa kaza, na wancan suna cewa kaza." Koyon cewa labari ɗaya na iya samun masu ruwaya biyu yana cikin manyan amfanin darasin.

Kuɗi, kasuwa da harshe

Littafi mai launi ya fi na rubutu zalla tsada nesa ba kusa ba. Bugun launi na buƙatar faranti huɗu a maimakon ɗaya, da takarda mai kauri wadda tawada ba za ta huda ba. Kusan duk takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, tun da masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka durƙushe, don haka farashinta na bin canjin dala, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan sakin naira a 2023. Ga ladan mai zane, wanda zai yi watanni a kan shafuka talatin. Kuɗin shirya farantin ɗaya ne ko kwafi ɗari biyar za a buga ko dubu hamsin, shi ya sa ƙaramin bugu ke sa kowane kwafi ya yi tsada. Marubucin da ya buga da kuɗinsa yakan ƙare da kwalaye a ɗaki, bayan 'yan kwafin da aka saya ranar ƙaddamarwa.

Mai saye da yawa shi ne gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, kuma wani kaso daga ciki na kayan koyarwa ne, ana raba su ta hannun hukumomin ilimin firamare na jihohi. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Zamfara. Gine-gine da kujeru su ne abin da ake gani a irin wannan shiri, littafin karatu na ƙari kuwa yakan zo a ƙarshen lissafi.

Rashin tsaro ya ƙara wa littafin da yaro zai tafi da shi gida daraja. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da harin makarantar Kaya ta Maradun a Satumban shekarar, an rufe makarantu a faɗin jihar, aka kuma katse layukan sadarwa na tsawon makonni. A irin wannan hali karatu ta intanet ya tsaya cak. Littafin takarda bai buƙatar caji ko sabis, kuma yara biyar na iya karanta kwafi ɗaya.

Harshen da za a rubuta shi ma ya shiga ruɗani. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar, aka koma Turanci. Wannan ya shafi harshen koyarwa a aji, bai hana buga littafin karatu da Hausa ba. Yaron da ke tunani da Hausa zai fi saurin kama labarin kakanninsa da ita, kuma kalmomi irin su ganuwa da burtali da lifidi da zango ba su da takwarorin da za su maye gurbinsu daidai. Bugu mai harshe biyu, Hausa da Turanci a shafi ɗaya, zai biya buƙatar ɓangarorin biyu a kan zane ɗaya.

Waɗanda aikin ke hannunsu

Kayan aikin suna kusa. Akwai malaman tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye masu zane. Masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi suna riƙe da kayan tarihi da masu ruwaya. Abin da tsarin Zariya ya haɗa a wuri ɗaya, yau a warwatse yake: masanin da zai tantance, marubucin da ya iya yi wa yaro magana, mai zanen da zai je ya gani da idonsa, da hukumar da za ta yi alƙawarin sayen adadi mai yawa kafin a kunna injin.

Idan ma'aikatar ilimi ta jiha ta ɗauki nauyin bugun farko, tana iya sakin rubutun da zanen ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, yadda kowace maɗaba'a a Gusau za ta iya sake bugawa da araha, gidajen rediyo kuma su karanta shi ga waɗanda ba su zuwa makaranta. Akwai sharaɗi guda: kada ya zama littafin yabon gwamna ko na gidan sarauta ɗaya, domin irin wannan yakan mutu da wa'adin wanda ya biya kuɗinsa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne naɗar ruwayoyin dattawa, musamman waɗanda suka baro ƙauyukan Tsafe da Bungudu, da ɗaukar hoton ganuwa da kufai a inda ake iya zuwa. Takardun Kaduna da Sakkwato za su jira shekara goma nan gaba. Masu shekara tamanin da ke zaune a gidajen aro a gefen Gusau ba su da wannan lokacin.